Ƙararrawar Benek

Kestanelik, Unye,
Watan Disamba.

Zuwa ga yayana Nedim,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Feride da ɗanmu Tolga, ya raba ku da sharrin sanyin Jamus, ya sa albarka a aikinka, ya kuma sassauta maka ciwon bayan nan da kake ɓoyewa amma matarka ta riga ta tona. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ƙara mana haƙurin rashinta.

Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Maigidana Sabri yana nan yana jigila da motarsa tsakanin ƙauye da Unye, kullum da ƙorafin hanya a bakinsa. 'Yarka Esma ta yi tsawo har ta kamo ni, ta fara koyon saƙa, duk wanda ya zauna kusa da ita sai ta gwada masa safa. Findik, gyaɗar bishiyar nan tamu, bana ya yi kyau a gonar ƙasa, ta sama kuwa sanyi ya ƙone ta tun tana fure, ba mu tsinci abin kirki ba. Kifin hamsi ya shigo kasuwa da arha, duk gidan da ka gifta sai ƙamshin suya. Jar saniyar Inna ta haifi maraƙa mai farin goshi. Goggo Zehra tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, kai dai ka san halinka, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, tun muna yara haka kake, sai ka yanke hukunci kafin a gama kawo ƙara. Ga shi kuma duk sanda ka kira, Baba yana zaune kusa yana kallon bakina. Ran nan ka ce gara da za a ba da karyarsa Benek a huta, a kulle bindiga a sanduƙi, ka aiko da tikiti ya zo ya ƙare sanyin bana a wurinku. Na ce maka to, don ba ni da damar cewa komai a gabansa. Yanzu ka zauna ka karanta har ƙarshe, abin ba yadda muka ɗauka yake ba.

Tun da Inna ta rasu Baba ya zama wani iri. Abinci sai an yi da gaske, gidan shayi ma sai Kawu Rustem ya zo ya ja shi. Abu ɗaya na ga yana jira, shi ne zuwan tsuntsun culluk. Tun ganye bai gama zuba ba ya shafe bindigarsa da mai, ya goge ƙararrawar wuyan Benek har tana ƙyalli, kullum da safe ya tsaya ƙofar gida ya ɗaga fuska wajen teku yana shinshinar iska. Da iskar arewa ta juyo da sanyinta na farko, ya shigo yana murza hannu ya ce baƙi sun sauka, masu dogon baki sun iso. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ciwon Inna. Na ce alhamdu lillahi, daji zai dawo mana da shi.

Sai dai ba haka aka yi ba. Ya fita ya dawo jaka wayam, ya sake fita ya dawo wayam. Kai ka bi shi shekara da shekaru, ka san a cikin kurmin itatuwan komar mutum ba ya ganin karensa, da kunne ake binsa. Muddin ƙararrawa tana kaɗawa, Benek nema take yi, in ta yi ɗif, to ta tsaya a kan tsuntsu, sai a lallaɓa a je a same ta. Baba kuwa ya riƙa dawowa yana faɗa, wai Benek ta lalace, wai nisa take yi har ba a jin ƙararrawarta, in ta ɓace kuma sai ta ga dama take fitowa, ya yi ta fito har bakinsa ya gaji. A gidan shayi suka samu abin tsokana. Kawu Rustem cewa yake, "Hurshit, ka gaya mana gaskiya, farauta kake zuwa ko bindigar kake kaiwa shan iska?" Baba ya yi dariyar yaƙe a can, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ana cikin haka wani likitan haƙori daga Samsun, wanda ya ga aikinta bara ya nace, ya sake aiko da roƙon a ba shi Benek. Cikin fushi Baba ya ce ya zo Juma'a ta sama ya ɗauke ta kyauta. Iyakar labarin da ya iso maka ke nan.

Ranar Asabar na hau gefen kurmin da ke bayan gonar sama da kwandona, ina tara busasshen ganye na shimfiɗar shanu. Baba ya fito farauta, bai san ina wurin ba. Daga inda nake ina jin ƙararrawar sarai, muryar nan tata mai ɗan dishi, tana kai da komo a kwarin hagu. Sai na hango shi can dama, ya sunkuya, bindiga a shirye, yana taka ƙasa kamar mai tsoron tada jariri, ya nufi wata sarƙaƙiya da babu kowa a cikinta. Ya tsaya, ya jira, ya shuri ganye, ba abin da ya tashi. Ita kuwa ƙararrawa tana can tana kaɗawa abinta. Can sai ta yi ɗif a ƙasa da ni kaɗan. Na leƙa ta tsakanin rassa, ga Benek ta sandare, ƙafa ɗaya a ɗage, wutsiya a miƙe, hanci ya nuna gindin wani itace, jikinta sai rawa yake. Yaya, Baba ya zo ya wuce ta, tsakaninsu bai fi tsawon ɗakin girkinmu ba. Yana fito, yana kiranta, yana cewa 'yar banza, in kin ga dama ki kwana a nan. Ita kuma tana jin sa, ido kawai take juyawa wajensa, amma ba ta motsa ba, don shi da kansa ya koya mata cewa ko sama za ta faɗo ba a barin tsuntsu. Ya gangara gida yana faɗa shi kaɗai. Na kasa kiransa, don na san in ya juyo ya gan ni a wurin, kunyar za ta fi masa ciwo. Na ajiye kwando na shiga na tada tsuntsun da ƙafata, ya tashi ta cikin rassa, sannan Benek ta saki jiki. Ta dube ni, ta dubi hanyar da Baba ya bi. Na zauna a kan jiƙaƙƙen ganye na rungume ta na yi kuka, ni da ko rigata kare ya taɓa sai na wanke.

Dukanmu mun san jinsa ya ragu, amma tunda yana amsa magana mun ɗauka tsufa ne kawai. Ashe bakinmu yake karantawa, siririn sauti kuwa ya daɗe da barinsa. Mai kunne in ƙararrawa ta yi shiru ya san abin da ake ciki. Baba kuwa dajin ne gaba ɗaya ya yi masa shiru, sai ya koma kintace, ya ɗora wa baiwar Allah laifi.

Da yamma na rasa ta inda zan ɓullo masa. Ka san Baba, in ka ce masa kurma ka gama da shi. Yana zaune gaban murhu yana shan shayi, ya ba ƙofa baya, sai na ciro ƙararrawar daga ƙusa na tsaya bayansa na kaɗa. Bai juyo ba. Na ƙara kaɗawa daidai ƙeyarsa, yana ta juya cokali a kofi. Benek kuwa da ta ji daga waje sai murna ta kwashe ta, ta zaci fita za a yi, tana tsalle tana dafa taga. Tsallenta ya gani, ya waiwayo don ya ga abin da ya tada ta, sai ya gan ni da ƙararrawa a hannu. Ya daɗe yana kallon hannun nan nawa. Sannan ya ce, "Gulizar, tun yaushe kike kaɗawa?" Na ce tun ɗazu, Baba. Na gaya masa abin da na gani a kurmi, ban rage komai ba, ina yi ina fuskantarsa don ya ga bakina. Ya ajiye kofi, ya yanki burodin masara, ya fita ko hula babu, ya tsuguna a bakin ɗakin Benek. Ta taga na ga yana ba ta da hannunsa, yana shafa kunnuwanta, bakinsa yana motsi. Abin da ya ce mata ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Na zaci an gama, ashe da saura. Da safe ya ce maganar likita tana nan, ya zo ya ɗauke ta. Da can fushi ne ya sa ya ba da ita, yanzu kuwa wai adalci ne. Wai kare irin wannan bai kamata ya ƙare rayuwarsa yana tsayuwa wa kurma ba, shekarun aikinta kaɗan suka rage, gara ta yi su da mai kunne. Yana faɗa yana naɗe bindigar a tsohon bargo kamar mai yi wa gawa sutura. Raina ya ɓaci, na ce Baba, kunne ne babu a gidan nan? Ga nawa nan guda biyu, ba abin da suke yi sai sauraron ƙorafin Sabri. Ya harare ni ya ce ke da ba ki san komai game da culluk ba sai fige gashinsa. Na ce laifin wa, wa ya riƙa tafiya da Nedim yana barina da tukunya? Kawu Rustem da ya shigo ana cikin haka ya yi dariya har da tari, wai Hurshit zai zama mafarauci na farko a ƙasar Unye da kunnuwansa ke biye da shi a baya sun ɗaura kallabi. Da ya gama dariyarsa ya dubi Baba ya ce, "Gwada ta mana, tsoho. Me ya rage maka da za ka rasa?" Baba ya daɗe yana kallon bargon, sannan ya ce Laraba, sau ɗaya tak, kuma ba ya son surutu.

Ranar Laraba bayan gari ya waye muka hau. Na zura takalman ruwan Sabri, na cusa tsumma a gaba don sun yi min yawa, kowane taku sai sun nemi su zauna a laka su bar ni in wuce. Mun shirya cewa zan riƙa bin kafaɗarsa ta hagu, in ƙararrawa ta yi shiru in ja masa riga in nuna wajen. Ban taɓa sanin sauraro aiki ne ba sai ranar. Ruwa na ɗiga daga ganye, rafi na gudu, numfashina kansa ya dame ni, ga sautin yana ɓacewa bayan tudu ya ɓullo ta wani wuri. Da ta yi ɗif na farko zumuɗi ya ɗebe ni, na manta da jan riga. Na saba ɗaga masa murya a gida, sai na kwarara ihu, "Baba, ta tsaya!" na kuma ruga wajen, takalmi ya harɗe ni na faɗa cikin rassa. Tsuntsun irin wanda ya sha jin bindiga ne, bai jira ba, ya tashi tun muna nesa. Benek ta fito ta yi min wani kallo da ko uwar mijina ba ta taɓa yi min ba. Baba kuwa ya jingina da itace yana dariya har da hawaye, ya ce, "'Yar nan, ni ne kurma. Shi tsuntsun kunnensa garau yake."

Da hantsi muka gangara kwarin da ke ƙarƙashin tsohon injin niƙa, inda kuke zama ku ci guzuri. Ƙararrawa ta rage sauri, ta koma ɗaya-ɗaya, sannan ta ɗauke. Wannan karon na cije leɓe, na ja rigarsa, na nuna. Ya gyaɗa kai. Yaya, da ka ga tafiyarsa da ka rantse an rage masa shekaru. Ya zagaya ta gaban Benek yadda tsuntsun zai kasance tsakaninsu, ya yi min alama in tsaya bayan itace, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta matsa taku ɗaya, culluk ya tashi tsaye yana kaɗa fiffike, ya karkata zai bi ta tsakanin itatuwa. Na ga bakin Baba ya yi bisimilla, bindiga ta tashi sau ɗaya. Benek ta ɗauko shi a hankali ta ajiye masa a tafin hannu. Ya gyara masa gashi, ya bar ta ta shinshina son ranta, ya ce mata sannu da aiki, ki yafe.

Muka zauna a kan dutsen nan naku, ya raba burodi da cuku kashi uku. Can ya kamo ƙararrawar a wuyanta, ya kaɗa ta kusa da kunnensa, ya saki. Ya tambaye ni ko har yanzu tana da dishin nan. Na ce wane dishi, ko da yake na sani, so nake in ji daga bakinsa. Ya ce wanda Nedim ya sa mata mana, ranar da ya sace ta yana yaro ya ɗaura wa ɗan maraƙi, ta faɗo kan dutse ta tsage. Wai ya zane ka a kai, daga baya kuma ya ƙi canza ta. Karnuka sun zo sun wuce, ita tana nan, don ko cikin ƙararrawa goma yana gane tasa. Kuma wai tun da ka tafi Jamus, in ya ji ta a cikin kurmi sai ya ga kamar kana biye da shi. Na ce tana nan, Baba, dishin yana nan yadda ka san shi. Ya ce to madalla, ya juya yana ta duba bindigar da ba abin da ya same ta.

Ranar Juma'a likitan ya zo da motarsa har da sabuwar igiya. Baba ya tarbe shi, ya ba shi shayi, ya gaya masa gaskiyar zance da bakinsa, abin da ban zaci zai iya ba. Ya ce alkawari ya yi, in ya nace ga ta nan, amma yana roƙonsa ya haƙura, in Benek ta haihu shi zai fara zaɓa. Mutumin kirki ne, ya haƙura, ya tafi da buhun findik, ya bar mu da shawarar a kai Baba a duba kunnen. Mun je, an ba shi 'yar na'urar sakawa. A gida tana taimako, har ya fara jin gulmar Goggo Zehra yana da-na-sani. A daji kuwa ya ce hayaniyar ganye kawai take kwaso masa, ba ta gaya masa hagu ko dama, sai ya cire ta ya jefa a aljihu.

Yanzu duk ranar da aka yarda a yi farauta muna fita, Sabri ya koyi ɗumama miyar kabeji dole. Wata rana mu samo, wata rana mu dawo da laka kawai. Amma yana cin abinci, Yaya, har ƙari yake nema, ya kuma koma gidan shayi da ƙafarsa yana rama tsokana. Ɗan siririn gashin da za ka gani naɗe cikin takardar nan na gwiwar fiffiken tsuntsun ranar Laraba ne. Ka san na farkon shekara a hularsa yake sokewa, ba ya ba kowa. Bana shi ya cire ya miƙo min ya ce in sa maka.

Na san tsoro ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, tsoron kada ya faɗi a kwari ba kowa, ko ya yi kuskure da bindiga. Ni ma ina da wannan tsoron, shi ya sa ba ya taka dajin sai ina riƙe da rigarsa, kuma ya yarda da haka. Amma in ka ɗauke shi ka ajiye a saman bene yana kallon motoci ta gilashi, gangar jikinsa kawai za ka samu, kuma ban san ko zai kai bazara ba. Don Allah ka bar maganar tikitin nan. In kuwa sai an saya, ka saya wa kanka, ka zo kafin masu dogon baki su koma, ka karɓe ni ko na kwana biyu ne, ka ji dishin da kunnenka, shi ma ya waiwaya ya gan ka da gaske. In hakan bai samu ba, ka aiko min da takalman ruwa daidai ƙafata, lamba talatin da bakwai, masu ƙwari, don na Sabri sun kusa karya ni, kuma da alama zan daɗe a wannan aikin.

Ka gaishe min da Yaya Feride da kyau, ka ce zumar da ta yi sha'awa tana nan na ɓoye mata. Ka shafa min kan Tolga, ka ce kakansa yana tambayar ko ya iya fito. Baba yana sa muku albarka. Sabri da Esma suna gaisuwa, haka Goggo Zehra, haka Kawu Rustem, wanda ya ce in gaya maka ƙanwarka ta fi ka kunne. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka, kuma kunnuwan Baba,
Gulizar